Digiri, Kiredit Biyar Ko Sana'a: Wane Karatu Ya Dace Da Ɗan'uwanku Da Ke Gidan Gyaran Hali?

Iyalin da ke da mutum a gidan gyaran hali a Najeriya sukan shafe watannin farko hankalinsu yana kan lauya da beli da ɗaukaka ƙara da kai abinci ranar ziyara. Sai bayan ƙura ta lafa, an tabbatar cewa zaman zai yi tsawo, sannan tambayar abin da zai yi da waɗannan shekaru take tasowa. A nan ne shawarwari suke yawa: wani ya ce a sa shi jami'a tunda an ce kyauta ce, wani ya ce sana'ar hannu ta fi takarda amfani ga wanda zai fito da tabon ɗauri, wani kuma ya ce a bari sai ya fito. Hanyoyin da ke gaban irin wannan iyali huɗu ne: digirin Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, a cibiyoyinta da ke cikin gidajen yari; jarrabawar kammala sakandare ta NECO ko WAEC ko NABTEB; koyon sana'a tare da jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago; sai kuma jinkirta karatun gaba ɗaya zuwa bayan fita.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Abu na farko, wanda a ganina ya rinjayi duk sauran, shi ne yawan lokacin da ya rage wa mutum a ciki da kuma matsayinsa a shari'a. Wanda aka yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa, kuma ya kamata a yi lissafin da ragin kashi ɗaya cikin uku da ake yi wa ɗaurarre mai kyakkyawan hali. Ma'ana, wanda aka ɗaure shekara 6 zai iya fita bayan shekara 4, wanda aka ɗaure shekara 3 kuma bayan 2, kuma idan kotu ta lissafa zaman da ya yi kafin hukunci, abin da ya rage zai ƙara gajarcewa. Mai jiran shari'a ba shi da wannan lissafi, domin zai iya samun beli mako mai zuwa, zai kuma iya ƙara shekara biyar yana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, don haka wannan matsala ita ce ta mafi yawan iyalai.

Na biyu shi ne takardun da ke hannunsa tun kafin ya shiga. Na uku kuɗi, na bayyane da na ɓoye. Na huɗu ƙarkon abin da zai samu, wato ko zai ci gaba da amfanarsa shekaru bayan fita. Na biyar sauƙin samu a ainihin gidan da yake, domin abin da ake yi a Kirikiri ko Kuje ba lallai ne a same shi a ƙaramin gidan yarin ƙaramar hukuma ba. Na ƙarshe shi ne haɗarin yankewar karatu a tsakiya.

Digirin NOUN a cikin gidan yari

An kafa wannan jami'a a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Tsarinta na karatu daga nesa ya sa ta dace da wanda ba zai iya zuwa aji ba, shi ya sa ta buɗe cibiyoyi na musamman a gidajen yari irin su Kirikiri da Ikoyi a Legas, da Kuje a Abuja, da Kaduna, da Keffi da Lafiya a jihar Nasarawa, da Inugu da Fatakwal. Da farko rangwame ake yi wa fursunoni, amma a 2016, bayan Farfesa Abdalla Uba Adamu, ɗan Kano, ya zama shugaban jami'ar, aka yafe musu kuɗin makaranta ɗungurungum. A 2018 hukumar UNESCO ta ba hukumar gidajen yarin Najeriya lambar yabo ta Confucius kan yaƙi da jahilci saboda wannan shiri, kuma a yau akwai fursunonin da suka wuce digirin farko zuwa na biyu, har da waɗanda suka shiga na uku.

Sharaɗin shiga bai bambanta da na waje ba: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Digirin farko yana ɗaukar shekara 4 mafi ƙaranci, ana kuma ba ɗalibi damar ya ja shi har zuwa 8. Mai difloma ta ƙasa ko takardar NCE zai iya shiga daga aji na biyu, abin da ke rage masa shekara guda. Kowane darasi ana raba makinsa gida biyu, kashi 30 na ayyukan gwaji da ake yi a cikin zango, kashi 70 na jarrabawar ƙarshe. Ɗaliban aji ɗaya da biyu suna zana jarrabawarsu a kwamfuta, na gaba da su kuma a takarda.

Batun kuɗi yana buƙatar a tsaya a kansa, domin kalmar kyauta tana yaudarar mutane. Abin da aka yafe shi ne kuɗin da jami'a ke karɓa. Takardun rubutu, da buga littattafan darasi, da kayan aikin binciken kammalawa, da fitilar karatu, duk suna nan, kuma yawancinsu kan iyali suke faɗawa idan babu wata ƙungiyar addini ko ta agaji da ta ɗauki nauyi. Akwai kuma abinci. Kuɗin ciyar da fursuna ɗaya a rana naira 750 ne kafin a ɗaga shi zuwa 1,125 a 2024, kuma duk wanda ya san farashin kwanon masara ko na wake a kasuwa ya san irin gabzar da wannan kuɗi zai dafa sau uku. Ɗalibin da ke karatu da yunwa ba zai riƙe komai ba, saboda haka tallafin abinci daga gida wani ɓangare ne na kuɗin makarantar, ko da ba a rubuta shi a kowace takarda ba. Duk da haka, idan aka kwatanta da abin da ɗalibin waje ke biya kowane zango, da wuya a samu wata hanyar samun digiri a ƙasar nan da ta kai wannan araha.

Ta fuskar ƙarko, takardar da za a ba shi ita ce wadda ake ba kowane ɗalibin jami'ar, kuma digiri ba ya tsufa. Sai dai ba kowane fanni ne zai yiwu a bayan katanga ba. Fannonin da ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, ko koyon aiki a asibiti, ko zaman watanni a masana'anta, suna da wuya ga wanda ba ya fita. Shi ya sa fursunoni suka fi karkata ga nazarin zaman lafiya da sasanta rikici, da nazarin laifuka da tsaro, da kimiyyar siyasa, da harkokin kasuwanci, da nazarin addinin Musulunci ko na Kirista. A nan zan ba da shawara ɗaya da ta saɓa wa abin da ɗalibai da yawa ke zaɓa: nazarin laifuka da tsaro yana jan hankalin wanda ke zaune a tsakiyar lamarin, amma ayyukan da wannan digiri ya fi kaiwa gare su, wato ɗan sanda da sauran hukumomin tsaro, su ne suka fi tsananta wajen ƙin ɗaukar wanda kotu ta taɓa ɗaurewa. Fannin kasuwanci, wanda mutum zai iya amfani da shi ko babu wanda ya ɗauke shi aiki, ya fi dacewa da halin da zai tarar a waje.

Haɗarin wannan hanya iri biyu ne. Na farko sauyin gida: hukuma tana iya mayar da fursuna wani gidan yari saboda cunkoso ko tsaro, kuma idan sabon wurin ba shi da cibiya, karatu ya tsaya. Harin da aka kai gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yuli 2022 ya nuna yadda dare ɗaya zai iya hargitsa rayuwar gida gaba ɗaya. Na biyu fita kafin kammalawa. Darussan da ya ci suna nan a rajistarsa, kuma jami'ar tana da cibiyoyi a dukkan jihohi, don haka zai iya ɗorawa a waje. Amma yafiyar kuɗin an yi ta ne domin wanda ke tsare, saboda haka ya kamata iyali su nemi bayani a rubuce daga jami'in cibiyar kan matsayin kuɗinsa bayan fita, tun kafin ya yi rajista, domin kada ya fito yana aji uku, ba aiki, ba jari, a ce ya kawo kuɗin zango.

Akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon afuwa a sashe na 175, ya ba gwamnoni a sashe na 212, kuma kwamitocin da ke ba su shawara suna duba halin fursuna da abin da ya yi da zamansa. A jerin afuwa da sassaucin da fadar shugaban ƙasa ta sanar a watan Oktoba 2025, an ambaci shiga NOUN da koyon sana'a cikin dalilan da aka duba. Wannan ba alkawari ba ne ga kowa, amma ga mai ɗaurin rai-da-rai ko mai dogon wa'adi, takardar rajista tana cikin 'yan abubuwan da zai iya sakawa a fayil ɗinsa da ƙoƙarin kansa.

Jarrabawar kammala sakandare

Mutane da yawa da ke mafarkin digiri ga ɗan'uwansu sukan manta cewa ƙofar shiga ita ce kiredit biyar, kuma yawancin matasan da ke cike da gidaje irin su Kurmawa da Goron Dutse a Kano ba su da su. Ga irin waɗannan, wannan hanya ita ce matakin farko, ko suna so ko ba sa so. NECO da WAEC suna da jarrabawar masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, NABTEB kuma tana da tata wadda ta haɗa darussan boko da na fasaha ko kasuwanci. A gidajen da aka amince da su a matsayin cibiya, fursunoni suna zana ta a ciki, kuma sau da yawa masu koyar da su 'yan'uwansu fursunoni ne da suka yi karatu, tare da wasu ma'aikatan gidan da masu sa kai.

Ba kamar digirin NOUN ba, wannan jarrabawa ana biyan kuɗin rajistarta, kuma kuɗin yana sauyawa shekara-shekara. Wani lokaci gwamnatin jiha ko wata ƙungiya ko wani mai hali yakan biya wa rukunin fursunoni, amma bai kamata iyali su dogara da hakan ba. Abin da ya sa na fifita ta ga mai jiran shari'a shi ne gajartarta: shiri na watanni shida zuwa shekara guda, jarrabawa ta 'yan makonni, sakamakon kuma ba ya lalacewa. Ko ya fita gobe, kiredit ɗinsa na nan, zai shiga kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha ko jami'a da su, ko bayan shekara goma. Wannan ya bambanta da sakamakon JAMB, wanda shekara guda kawai yake amfani.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne Turanci da lissafi, musamman ga wanda ya bar makaranta tun da daɗewa ko wanda asalin karatunsa na allo ne. Hikimar ita ce a yi amfani da damar zama biyu: idan ya ci uku a bana, ya mayar da hankali kan biyun da suka rage a baɗi. Wani tuntuɓen kuma na takardu ne. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ta zama sharaɗin rajistar JAMB tun 2021, sauran hukumomin jarrabawa ma suna nemanta, kuma mu Hausawa muna da matsalar rubuta suna ɗaya ta hanyoyi uku, Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, sunan gari a matsayin sunan mahaifi a ta uku. Gyara irin wannan saɓani daga cikin gidan yari wahala ce babba, don haka aikin iyali ne su daidaita shi kafin rajista.

Sana'a da takardar gwajin sana'a

Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019, wadda ta sauya wa hukumar suna daga ta gidajen yari, ta ɗora mata alhakin samar wa fursunoni ilimi da koyon sana'a da noman zamani da kiwo. A manyan gidaje akwai wuraren koyon kafinta da ɗinki da walda da gyaran lantarki da ɗinkin takalmi da aski, akwai kuma gonakin hukumar irin na Kujama a Kaduna, da Birnin Kudu a Jigawa, da Lakushi a Filato. Ba a neman kiredit ko ɗaya, koyarwar da baki da hannu ake yi, kuma a Arewa yawanci da Hausa. Wanda ya ƙware zai iya zana jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai matakai uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya.

Ƙarfin wannan hanya shi ne ba ta buƙatar yardar mai ɗaukar aiki. Mai kawo ɗinkin sallah ba ya tambayar tela inda ya kwana shekaru uku da suka wuce. Rauninta kuma kayan aiki ne, a ciki da waje. A ciki, keken ɗinki ɗaya na iya zama na mutum goma, injin walda kuma ba ya aiki sai da wuta. A waje, gwani marar jari yaron shagon wani zai zama. Sashen kula da waɗanda aka sallama yakan raba kayan sana'a ga wasu, amma ba ya isa ga kowa, don haka ainihin kuɗin wannan hanya yana zuwa ne ranar fita, lokacin sayen keke ko injin da kama shago. Ya kamata a sani kuma cewa an fi ba waɗanda aka yanke wa hukunci damar shiga wuraren sana'a, domin doka ba ta ɗauki mai jiran shari'a a matsayin mai laifin da za a sa aiki ba.

Jira sai an fita

Wannan hanya tana da hujja ɗaya mai ƙarfi, wato 'yancin zaɓar kowane fanni a kowace makaranta, har da likitanci da injiniya da sauran waɗanda ba su yiwuwa a ciki. Bayan wannan, kusan komai yana gaba da ita. Zai biya cikakken kuɗi a daidai lokacin da yake neman abin kai wa bakin salati, kuma ƙa'idojin asusun ba ɗalibai rance na NELFUND sun cire wanda kotu ta samu da laifin zamba ko miyagun ƙwayoyi ko wani babban laifi. Shekarun zaman kuma sun tafi a banza, a cikin ɗakin da zaman kashe wando ke haɗa ƙaramin mai laifi da babba.

| Hanya | Sharaɗin shiga | Tsawon lokaci | Kuɗi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Digirin NOUN | Kiredit biyar | Shekara 4 zuwa 8 | An yafe na makaranta, saura na kayan karatu | Mai ɗorewa | Sauyin gida, fita a tsakiya |
| NECO, WAEC, NABTEB | Iya karatu da rubutun boko | Wata 6 zuwa shekara 2 | Kuɗin rajista | Sakamako ba ya lalacewa | Faɗuwa a Turanci ko lissafi |
| Sana'a | Babu | Shekara 1 zuwa 3 | Kaɗan a ciki, jari a waje | Muddin ana aiki da ita | Rashin kayan aiki |
| Jira | Ya danganta da makaranta | Bayan fita | Cikakke | Mai ɗorewa idan an kammala | A ƙi komawa karatun sam |

Abin da takarda za ta iya da wanda ba za ta iya ba

Bai kamata a yi wa ɗaurarre alkawarin da ba zai cika ba. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun hana a ɗauki wanda aka taɓa samu da laifi sai da amincewa ta musamman daga hukumar ɗaukar ma'aikata, kuma tsarin mulki ya hana wanda aka ɗaure kan laifin rashin gaskiya tsayawa takara har sai shekara 10 sun wuce. A ɗaya ɓangaren, dokar 2019 ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna gyaruwa, har da wanda ya yi karatu, ta kuma ce kada a nuna wa mai riƙe da ita wariya saboda ɗaurin da ya yi. Ya kamata iyali su nemi wannan takarda ta hannun jami'in walwala kafin ranar sallama. Dangane da tasirin karatun kansa, bincike mafi shahara daga Amurka ya fito: cibiyar bincike ta RAND ta tattara nazarce-nazarce a 2013, ta gano cewa yiwuwar komawa kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin ɗari ga waɗanda suka yi karatu a tsare idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba. Alƙaluman na can ne, amma binciken ya haɗa karatun sakandare da na sana'a da na jami'a, wato dai hanyoyi ukun farko da muka auna.

Wa ya dace da wace

Wanda ke da kiredit biyar, aka yanke masa hukunci, kuma bayan ragi yana da shekara 4 ko fiye a gaba, digirin NOUN ne nasa, kuma idan gidan da yake ba shi da cibiya, ya dace a rubuta wa kwanturolan jiha, wato shugaban hukumar gidajen yari na jihar, roƙon a mayar da shi inda take, ko da hakan zai nisanta ziyara. Mai ɗaurin rai-da-rai ko wanda ke jiran hukuncin kisa shi ma nan ya fi dacewa, idan ya cika sharaɗin. Mai difloma ko NCE da shekara 3 suka rage masa zai iya kammalawa idan bai faɗi darasi ba.

Mai jiran shari'a marar kiredit ya nufi NECO ko WAEC a bana, kada ya jira ranar da kotu za ta tuna da shi. Mai jiran shari'a da ke da kiredit, wanda tuhumarsa babba ce kuma babu alamar beli, zai iya fara digirin, muddin iyali sun shirya ɗaukar nauyin ragowar idan ya fito. Wanda shekara 1 ko 2 suka rage masa, yana da mata da 'ya'ya da ke jiran ciyarwa, sana'a ce ta fi masa, kuma tun yanzu dangi su fara tara kuɗin kayan aiki. Matashin da ke da shekara 6 zuwa 7 a gaba ba tare da takarda ba yana da lokacin jera su: sakandare a shekara biyun farko tare da sana'a, digiri a sauran. Wanda bai iya karatun boko ba ya fara da ajin yaƙi da jahilci yana haɗawa da sana'a. Jira sai an fita kuwa ya dace ne kawai da wanda 'yan watanni suka rage masa, yana da takardunsa a hannu, yana son fannin da ba ya yiwuwa a ciki, kuma akwai wanda ya ɗauki alkawarin biya masa.